Daga Zango zuwa Timiya: na bi sawun baƙin kakana

Gidanmu yana unguwar Zango a Damagaram, kuma sunan unguwar kansa ya faɗi tarihinta: nan ne ayari ke yada zango a bayan ganuwar Birni. Kakana mai masaukin fatake ne. Ina yaro, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa sai a share babban zaure, a kakkaɓe tabarmi, a cika randuna, domin Abzinawansa sun kusa. Sukan iso da raƙuma ɗauke da kantun gishirin Balma da dabino, fuska a rufe da rawani sai idanu kawai ake gani. Su yi mako biyu ko wata guda, su sayi gero da turkuɗi, wasu su zarce Kano, wasu su juya. Duk wanda na tambaya daga ina yake, amsa ɗaya ce: Timiya.

Kakana ya rasu, manyan motoci suka karɓe yawancin dakon gishiri, zauren ya koma wurin ajiye tarkace. Ni kuma na zama malamin makaranta. Shekara goma sha wani abu ina nuna wa yara duwatsun Abzin da sanda a jikin taswira, ina gaya musu cewa dutsen Bagzan shi ne mafi tsawo a Nijar, mita 2,022, alhali ƙafata ba ta taɓa wuce Tanut ba. Abin ya daɗe yana cina a rai. Da hutun watan Disamba ya matso a wata shekara, sai na ƙudurta zan je, ni kaɗai, da kuɗin da na tara.

Da na gaya wa Inna, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni. Ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari.

"Kai ɗan nan, Libiya za ka, ko haƙar zinariya?"

Ban ga laifinta ba. A garinmu yanzu, in aka ce wane ya yi arewa, ɗaya daga cikin biyun nan ake nufi. Na ce mata a'a, garin baƙin Kaka zan je in gani da idona. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in tabbata na tafi da bargo biyu, domin ta tuna yadda mutanen ke ba da labarin sanyin ƙasarsu.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Turai ya ce da a can ne, jirgin ƙasa zan hau in yi barci in farka a gindin dutse. Mu nan ba mu da wannan gatan. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, an kammala shi a 2016 amma bai zama hanyar fasinja ba, wanda aka soma daga Kano zuwa Maraɗi a 2021 kuwa kudu ya shafa. Saboda haka tafiyata kashi biyu ce. Daga Damagaram zuwa Agadas, kusan kilomita 450, kar, wato babbar motar fasinja, zan shiga kamar kowa. Daga Agadas zuwa cikin duwatsu kuwa, sai da katkat, motar daji mai jan ƙafa huɗu, da ɗan jagora.

Kafin in sayi tikiti na yi abin da nake roƙon duk mai niyyar wannan tafiya ya fara yi: na tambayi lafiyar hanya. Arewa ba kullum take kwance ba, halinta na sauyawa daga wata zuwa wata. Akwai wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Agadas, shi na riƙa kira har sau uku cikin mako biyu, sai da ya ce mini motocin lambu na shiga suna fita lafiya sannan na shirya. Na ɗauki katin ɗan ƙasa, na yi masa kwafi biyu na raba a aljihu daban-daban. Na ɗauki maganin zazzaɓi da na gudawa, cocila, rawani, man kaɗe saboda faso. Kuɗi kuwa na aika wa kaina rabi ta gidan aika kuɗi don in karɓa a Agadas, rabi na ɗinke a cikin ɗan ciki.

Tikiti ana sayensa tun jajibere. Aka rubuta sunana a takarda, aka ce in zo ƙarfe uku da rabi na dare. Ɗan kabu-kabun da na yi alkawari da shi ya cika, muka ratsa gari babu kowa sai karnuka da masu gadi a bakin wuta. A tasha aka manna wa jakata lamba, aka shiga kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga sayen tikiti shi ke riga shiga, don haka na samu kujera a gaba kusa da taga. Na bayan mota su suka fi shan wuyar hanya.

Ba mu yi awa guda ba muka ga fitilun matatar mai ta SORAZ suna haska daji, da harshen wuta a saman dogon bututu. Tun da aka buɗe ta a watan Nuwamba na 2011 nake jin ana cewa tana tace ganga 20,000 a rana, amma ganinta cikin duhu a tsakiyar gonakin gero wani abu ne dabam. Muka yi asuba a gefen hanya, muka wuce Bakin Birji da Sabon Kafi, hantsi ya same mu a Tanut, babban garin Damargu, inda na sha shayi da burodi a tsaye.

Da gari ya waye ne na ga abokan tafiyata sosai. Akwai samari da ƴan jakunkuna a cinya, waɗanda tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 suke kwarara arewa. Akwai mata daga wajen Kance da yara ƙanana, ba su cika magana ba, kowa dai ya san Aljeriya suka nufa. Akwai ƴan kasuwa da ma'aikata masu komawa bakin aiki. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni me zan je saye. Na ce ba komai, gani kawai zan je yi. Ya jinjina kai ya ce, "To, Allah Ya sa a gani lafiya." A kowane shingen jandarma sai an sauka duka, a nuna kati, a taka da ƙafa zuwa gaba a jira mota. Wanda ba shi da takarda shi ke riƙe mutane, kuma ba a rasa irinsa.

Bayan Tanut gonaki suka fara sirancewa har suka ƙare. Sai fili, ƙaya jefi-jefi, da rijiyoyi inda garken raƙuma da shanu masu dogayen ƙaho ke jiran layi, jakuna na jan igiyar guga mai tsawon da ke nuna maka zurfin ruwan. Kwalta a wasu wurare tana nan, a wasu ta farfashe har direba ya gwammace ya sauka ya bi gefe cikin rairayi. A irin wannan saukar ne muka kafe, tsakanin Tanut da Adarbisinat, da tsakar rana. Yaran mota suka fito da shebur da faifan ƙarfe, mu maza muka tura, ta fita, ba mu yi nisa ba kuma wani abu ya tsinke a injin. Awa huɗu muka yi a inuwar motar. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba wanda ya zo ya gaya wa fasinja ga abin da ake ciki, kuma matan nan masu goyo ruwansu ya ƙare. Na ba su gora biyu cikin huɗun da na riƙo, wasu ma suka ba da nasu. Mai bin wannan hanya ya riƙi ruwan da ya fi ƙarfin ƙishinsa, domin zai samu wanda zai ba.

A Adarbisinat na sayi cuku wurin mata a bakin hanya. Gangaren Tigidit, wanda na so in gani da rana, cikin duhu muka sauke shi. Mun shiga Agadas bayan isha'i, ɗalibina na jirana a tasha.

Kwana biyu na yi a garin, ban kuma ji baƙunta ba, domin Hausa ce harshen kasuwa da titi, sai dai da nata karin. Na shiga tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Na roƙi izini na hau hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ginin laka zalla da itatuwa sun fito ta ko'ina a jikinta. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. Matakalar tana ƙara matsewa kana hawa, jemagu na gilmawa ta gefen kunne, kusa da ƙarshe sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce. Daga sama ka ga fadar Sarkin Abzin a ƙarƙashinka, ka ga rufin soraye ja-ja, can arewa kuma duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi. An kai ni gidan da Bature Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a 1850. Mutumin nan ya iso Damagaram ma a ƙarshen 1852. Na tsaya a ɗakin ina tunanin wanda ya taso daga Jamus ya ga garuruwan nan biyu tun wancan zamani.

Neman jagora shi ne aikin da ya fi muhimmanci, kuma nan ne na kusa yin kuskure. Masu wannan sana'a suna da yawa a Agadas, aikin ne ya yi ƙaranci. A da jiragen Turawa masu yawon buɗe ido na sauka kai tsaye a garin. Tawayen Abzinawa na farko, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ya taɓa harkar. Na biyu, daga 2007 zuwa 2009, da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, suka kusa kashe ta. Direbobi da yawa suka koma dakon masu zuwa Libiya ko ƴan zinariya. Na zauna da mutum uku. Biyu sun yi saurin cewa e ga duk abin da na tambaya. Na ukun, wani Ba'abzine mai furfura a gemu, shi ne ya juyo da tambayoyin kaina: ina da hawan jini? Na taɓa kwana a fili cikin sanyi? Kwana nawa nake da shi, kuma wa zai neme ni in ban dawo ranar ba? Shi na zaɓa.

Kuɗin katkat da kwana ake lissafa shi, ga mai, ga abinci, ga ladan jagora da na direba. Albashin malami ba zai ɗauke shi ba. Allah Ya taimake ni akwai wani ma'aikaci daga Yamai da ƙanensa da ke neman abokin raba kuɗi, sai muka haɗu mu uku. Duk da haka na ga lissafin ya yi nauyi, na shiga neman abin ragewa. Na ga an sa kuɗin hayar taya ta biyu ta ko-ta-kwana da ƙarin jarkar mai biyu, na ce a cire, ai taya ɗaya ta isa. Dattijon ya ajiye alƙalami, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta a wajenmu.

"Mushe, ka rage nama, ka rage sukari, ka rage ladana in ka ga dama. Taya kam ba na fita da ɗaya."

Na yarda, amma raina bai so ba. Ya karɓi kwafin katinmu, ya rubuta garuruwan da za mu bi da ranakun, ya kai wa hukuma aka buga hatimi. Wannan takardar hanya ita muka riƙa nunawa a kowane shinge. Da yamma muka shiga kasuwa sayen garin alkama, taliya, mai, albasa, busasshen tumatir, ganyen shayi, sukari da gawayi.

Washegari da sassafe muka bi gefen ƙoramar Telwa muka yi arewa maso gabas. Har Dabaga akwai lambuna da goriba a bakin ƙorama. Daga nan ƙasa ta sauya: baƙaƙen duwatsu kamar an ƙone su, tsakuwa mai kaifi, hanya ba komai ba ce face sawun waɗanda suka riga ka. Timiya ba ta fi kilomita 220 da wani abu daga Agadas ba, amma wuni guda cur ba ya kai ka cikin sauƙi. Kafin Elmeki, garin da ake haƙar kuza, dutse ya tsaga mana tayar baya. Aka sauya. Bayan la'asar, a wata gangara mai duwatsu, ta gaba ta tafi ita ma. Babu gari, babu layin waya, tun azahar kuma mota ɗaya ce ta gifta mu. Direba ya kwance taya ta biyu daga saman mota. Jagoran bai ce mini uffan ba, bai ko dube ni ba, ya dai durƙusa yana tara duwatsu a bayan ƙafafun motar. Ni na je na same shi na ce, "Baba, ka yi haƙuri da maganar jiya." Ya ce, "Ba komai, Mushe. Kai ma in na shiga ajinka sai yadda ka ce."

Dare ya kama mu a hanya, muka kwana a daji. Ya zaɓi wani tudu a bayan dutse, ya hana mu shimfiɗa a cikin ƙorama duk da laushin yashinta. Ya ce ba lokacin ruwa ba ne, amma shi bai saba ba, domin da damina ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa kan taho cikin dare ya share duk abin da ya tarar, kuma sanyi ma a kwari ya fi taruwa. Nan na ga yadda ake tagilla. Ya hura wuta a kan yashi mai tsabta har itacen ya zama garwashi. Ya kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri a kwano, ba yisti, ya murza shi da tafin hannu har ya yi santsi, ya faɗaɗa shi kamar faifai. Sai ya ture garwashin gefe da sanda, ya buɗe yashin mai zafi, ya kwantar da ƙullun, ya rufe da yashi, ya mayar da garwashi a kai. Bayan wani lokaci ya tono ya juya ɗaya gefen. Da ya fito da ita sai ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurari ƙarar, ya kankare ta da wuƙa, ya ɗauraye da ɗan ruwa kaɗan, ya gutsuttsura cikin miyar tumatir da albasa. Ko ƙwayar yashi ɗaya ban tauna ba. Aka bi da shayi zagaye uku a ƙananan kofuna. Sanyin daren nan kuwa, na sa riga uku, na naɗe kai, na shiga bargon Inna duka biyu, amma da asuba ruwan buta sai da aka ɗora shi a wuta kafin mu iya alwala.

Da hantsi muka tsaya a magangarar ruwan da ke kusa da Timiya, inda ruwa ke zubowa daga baƙin dutse ya taru a wani kwarmi mai sanyi. Daga nan ba nisa sai ga garin. Bayan kwana ɗaya da rabi ido bai ga komai ba sai baƙi da ruwan ƙasa, kwatsam sai kore shar a tsakanin duwatsu: dabino a sama, a ƙarƙashinsa lemo da tanjarin da rumman, ƙasa kuma alkama da albasa da tafarnuwa a ƙananan fangali. Disamba lokacin lemo ne, rassa har sun sunkuya. Injinan ban ruwa sun yi yawa yanzu, amma na samu wani lambu da har yanzu raƙumi ke jan ruwa. Yaro na jan akalarsa ya yi gaba, babban guga na fata ya taso ta kan ƙarfen juyi, ya tuntsure ruwan cikin kwararon kututturen dabino, raƙumin ya juyo da kansa ya koma bakin rijiya. Haka tun safe. Da yamma muka hau tsohon barikin Faransa da ke kan dutse a saman garin, muka ga dukan kwarin kamar an shimfiɗa koren zane.

Na gaya wa jagora dalilin zuwana tun a hanya, shi ya sa bayan magariba ya kai ni gidan wani tsoho da ya yi shekaru yana madugu. Idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan buzu, jikoki kewaye da shi. Na yi sallama na durƙusa. Da ya ji daga inda nake sai ya gyara zama ya amsa mini da Hausa, irin Hausar Damagaram ta tsofaffi wadda rabona da jinta tun rasuwar Kaka.

"Ɗana, wace unguwa?"

"Zango, Baba."

Sai ya shiga lissafa mini garina. Ya tambayi kasuwar Dole, ya tambayi duwatsun Birni, ya tambaya ko har yanzu ana wahalar ruwa da rani. Na faɗi sunan kakana, ya yi shiru yana juya shi, ya ce shi ba a gidan yake sauka ba, amma ya san zauren, akwai ƴan uwansa da nan ne masaukinsu. Ya ba ni labarin shekararsu yadda take. A watan Oktoba ayari ke tashi gabas, a ratsa Tenere zuwa Balma, tafiyar sama da kilomita 500, raƙuma ɗauke da ciyawar da za su ci zuwa da dawowa, domin babu ko tsinke a hanya. Ba a tsayawa da rana, a kan tafiya ake dama gari da cuku da dabino a sha. A ba mutanen Kawar, yankin da Balma take, gero, a karɓi gishiri da dabino. A dawo gida a ɗan huta, sannan a yi kudu, Damargu da Damagaram har Kano, raƙuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe, manoma na murna da takin. Sai gab da damina a koma. Ya ce a shekara wata uku kawai yake kwana a ɗakinsa, shi ya sa mazan Timiya na zamaninsa duk suna jin Hausa, kuma shi ya sa mata ne ke riƙe da gida da awaki. Ya taɓa rawaninsa ya ce wannan ma daga Kura yake, ta ƙasar Kano.

Ni da na zo ganin baƙuwar ƙasa, sai na tarar da geron da suka ci suka girma namu ne, gishirin da aka sa mini a miya ina yaro kuma su suka ɗauko shi a kan raƙumi. Da zan tashi ya sa aka kawo ɗan ƙunshi a tsumma. Ya ce kantu na dabbobi ne, wannan beza ce, farin gishirin ci, in kai wa mahaifiyata. Ya kuma ce yana da jika da ke bin babbar mota tsakanin Agadas da Kano, yakan kwana a tasha in sun biyo ta wajenmu. Na rubuta wa yaron lambar wayata a bayan takardar shayi.

Daga Timiya muka yi arewa zuwa Asode. Kufai ne, ba kowa. Gidajen dutse birjik ba rufi, ragowar babban masallaci, fasassun tukwane a ƙasa duk inda ka taka. A da babban birni ne na Abzin, kan hanyar fatake, ya yi ta raguwa har ya mutu. A nan jagoranmu ya yi maganar Kawusan, wanda ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Rundunar da ta zo ta karya ƙawanyar daga Zinder, wato Damagaram, ta taso. Abin da ya biyo baya kisa ne, har da malamai a Agadas, da kwashe dabbobi, da korar mutane daga duwatsu, garuruwa da yawa suka zama kango. Na sha koyar da wannan a aji cikin layi uku. Ban taɓa lura da cewa hanyar da na biyo a kar ita sojojin suka biyo daga garinmu ba, sai da na ji shi daga bakin wanda kakanninsa abin ya faɗa wa. Bai faɗa da zafi ba. Ya gama ya ce mu tashi rana na yi.

Iferwan kwana ɗaya muka yi, a gindin dutsen Tamgak. Nan ne ƙofar gandun Abzin da Tenere, wanda ke cikin jerin UNESCO tun 1991, kuma nan ake bikin Abzin na shekara-shekara. Na sayi ɗan kunnen azurfa wurin maƙera don matata. Ƙanen ma'aikacin nan ya so a zarce gabas a ga tuddan rairayi, jagora ya ce takardarmu ba ta kai can ba, man mu ma bai kai ba, magana ta ƙare.

A hanyar dawowa muka faɗo titin Arlit, wanda manyan motoci suka cinye, muka ratse zuwa Dabus. A kan wani faffaɗan dutse mai gangara an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya kai mita 5.4, da kowane zane na fatarsa, da wata igiya da ta sauko daga bakinsa zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ƙiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 da 8,000, wani Bafaranshe mai bincike, Christian Dupuy, shi ya sanar da duniya shi a 1987. Akwai masu gadi a wurin, ba a taka zanen, daga gefe ake tsayawa. Jagora ya ce mu jira rana ta karkata. Da hasken ya kwanta sai zanen ya taso kamar dabbar za ta miƙe. Ka duba kewaye, ba ruwa ba inuwa, amma wanda ya yi aikin nan ya ga raƙumin dawa da idonsa yana kiwo a wurin.

Kwana biyar muka yi. A Agadas na biya sauran rabin kuɗin kamar yadda muka yi alkawari, na ƙara wa dattijon abin da ya sawwaƙa, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce in turo ɗalibaina in sun girma. Kar ɗin dawowa ba ta ba mu matsala ba, kuma a wannan karon na ga Tigidit da rana.

Na shiga gida da kwalin lemo da rumman da cuku. Inna ta bar su duka ta kwance ƙunshin tsumman. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshe, ta rufe ido, ta ce, "Shi ne." Na ba ta labarin tsohon da jikansa mai kwana a tasha. Ba ta ce komai ba a lokacin. Da safe na fito na tarar ta sa yara suna fitar da tarkacen zauren Kaka, ita kuma tana yayyafa ruwa a ƙasa kafin a share.

Yaron ya kira ni bayan wata biyu, da daddare, motarsu ta tsaya gyara a hanyar fita Kano. Na je na ɗauko shi a kan babur. Kwana biyu ya yi a zauren, Inna ta yi masa tuwon gero da miyar kuka, da gishirin kakansa a ciki.